Hodar da na zuba a waken Gwaggo

Jiya na ji a rediyo masu bincike suna cewa hodar kashe ƙwari irin ta da tana daɗewa a kitsen tsuntsaye, har a nonon uwa. Sai na tuna Gwaggo, yayar mahaifina.

Ita da toka take ajiye wake, kullum hannunta furu-furu yana ƙanshin murhu. Shekarar fari, lokacin mulkin soja, ina sabon ma'aikacin gidan gona a Matameye, na kawo mata hodar da muke watsa wa fara, na kwance buhunta zan zuba.

Ta riƙe hannuna. "Ɗan nan, balbelun da suka ci farar da kuka watsa wa hodar nan a Kurni ba su tashi ba. Na gan su zube a gindin gawo."

Na yi dariya. "Gwaggo, ke balbela ce? Gwamnati ce ta aiko."

Ta sake ni na zuba, don ni ne na yi lakwal, wato karatun boko. Waken nan suka ci har damina, ita da surukarta mai goyo.

Ban san abin da ya yi ajalinta ba, ban kuma taɓa ce mata ta yi gaskiya ba. Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Allah ya sa kin yafe mini tun kafin in san na yi laifi.