Takardar Aikina Ta Koma Fara

Jama'a, yau takardar aikina ta mutu a wuyana!

Bakatsine ne ni, shekara uku ina koyar da dukanci a lakwal, wato makarantar boko, ta Maradi. Na samu sabon ubangida a Tsibiri, na je biro, ofishin kwamanda, a canja sunan ubangidan da ke takardar. Tun zuwana Maradi na ɗinke ta cikin fata kamar laya.

Tafinta ya ce, "Farke mu gani, baba."

Na farke. Fara fat! Gumi ya cinye rubutun har hatimi.

Ya yi ƙasa da murya. "Baƙo marar takarda, aikin tilas ne. Fita ta baya, kwamanda na tafe!"

Na fita ta baya, amma takalmana da na tuɓe na ƙofar gaba, kuma duk gardin Maradi, 'yan dokan kwamanda, sun san ɗinkina.

Yanzu ina kwance a ɓoye cikin gonar gero a Jiratawa.