Abin Da Na Yanke Daga Bakin Kawuna

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi naku, kuma sau da yawa nakan ɗauki biro in sake ajiyewa. Yau dai na daure. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye.

A lokacin ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai a Birnin Kudu, jiharmu ta Jigawa ba ta wuce shekara goma sha wani abu da kafuwa ba. Na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai nake zaman shagon yayana inda muke ba da hayar kaset ɗin fim. Ni ba fitowa a fim ce ta dame ni ba. Abin da ke cin raina shi ne in san yadda ake yin sa. Nakan mayar da kaset baya sau biyar don in gano yadda aka yi mutum ya fita ta ƙofa ɗaya ya ɓullo a wani gari. Don haka ranar da na ji wani mutum ya zo daga Kano zai buɗe ajin koyar da ɗaukar fim da tacewa, a aikace ba a allo ba, ni ne na biyu da ya kai sunansa.

Ajin wani tsohon sito ne a bayan tasha, mallakar wani Alhaji mai motocin haya, wanda aka ce shi ya ɗauki nauyin abin don taimakon matasa. Mu takwas ne. Malamin mutum ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa, ba ya faɗa. In ya yi maka tambaya sai ya zuba maka ido, ko ka gama amsawa ba zai ɗauke ba, har sai ka ji kamar akwai sauran abin da ya kamata ka faɗa, ka ƙara. Kuma tsakani da Allah ya iya aikin, ya koya mana. A hannunsa na koyi manna gwiwar hannu a haƙarƙari don kada kyamara ta yi rawa, da ba wa rana baya, da ɗaura makirfo a kan gora a ɗaga shi sama da kan mai magana. Abu ɗaya ne na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba: duk yadda muke ɗaukar junanmu muna dariya, shi bai taɓa yarda kyamara ta juyo kansa ba. In ka juyo, sai ya sa tafin hannu ya kawar da ita a hankali.

A mako na uku ya riƙa tambayar kowa asalinsa, wai yana neman inda za mu je aikin gwaji. Wani ya ce Wurno, wani ya ce Sundimina, duk ya gyaɗa kai ya wuce. Da na ce mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce kusa da Fagam a ƙasar Gwaram, sai ya zuba mini idon nan. Ya tambaye ni ko tana da sauran dangi a can, na ce yayanta yana nan, dattijo ne manomi. Sai ya ce ko shi ne mai fadamar nan ta bakin rafi. Na ce shi ne. Sai da na koma gida nake tambayar kaina yaushe na yi masa zancen fadama. Na ce wa raina wataƙila na faɗa na manta.

Ya ce za mu yi gajeren fim a kan tarihin noman rani, kuma kawuna ne zai ba da labari. Na ji kaina ya yi girma. Ranar tafiya Alhaji ya ba da bas guda. Ni na zauna a gaba don in nuna hanya, amma har muka bar kwalta muka shiga burji direban bai tambaye ni ko sau ɗaya ba, kuma bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan Kawu. Kawu ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka dama fura aka saro rake. Da farko ya ƙi zancen ɗauka, ya ce shi bai saba da irin wannan ba, ko hoton katin zaɓe da ƙyar aka yi masa. Ni na durƙusa na roƙe shi, na ce jarrabawata ce, in ya ƙi na faɗi. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce tunda ɗan ƙanwarsa ne zai riƙe abin, ba komai. Kafin mu fita gona matarsa, wadda nake kira Inna, ta yafito ni zuwa bakin madafa ta tambaye ni motar wa ce wannan. Na ce ta makaranta ce. Ta ce ita dai ta taɓa ganin motar nan a garin, kuma ba alheri ne ya kawo ta ba. Na yi dariya na ce Inna, bas ai duk kama suke.

Muka zaunar da Kawu a gindin mangwaro, albasa da rake a bayansa. Ni ke riƙe da kyamara, malam yana gefe yana tambaya. Ya fara da iri da ban-ruwa, amma duk inda hira ta nufa sai ya dawo da ita kan yadda aka samu fadamar. Daga nan ya ce ya ji ana wata magana a kan asalinta. Fuskar Kawu ta canza. Ya ce ya san maganar, wai ana cewa fadamar aro ce mahaifinsa ya karɓa daga hannun mahaifin wani attajiri da ya tashi a garin, amma ƙarya ce, mahaifinsa ne ya sare dajin da hannunsa. Malam ya ce iska ta ɓata sautin, a maimaita. Kawu ya maimaita. Malam ya ce a sake, kuma ya ambaci sunan mutumin sosai ya ɗan numfasa tsakanin magana da magana, don masu kallo su gane. Sau uku Kawu yana faɗa. Ni da abin sauraro a kunnena na san babu wata iska, amma na ɗauka wata dabarar aiki ce da ban kai ga saninta ba. Bayan an gama malam ya sa ni in ɗauki hannuwan Kawu su kaɗai, da ruwan rafi, da ganyen rake, ya ce za su yi amfani.

Amfaninsu ya bayyana a mako na gaba, da muka zauna gaban kwamfuta koyon tacewa. Malam ya ce yau zai nuna mana ƙarfin wannan sana'a, kowa ya ɗauki maganar dattijon nan ya sa shi ya faɗi akasin abin da ya faɗa, wasa ne kawai na gwajin hannu. Aka yi ta dariya. Na sauran duk ya fito da tsalle, kai yana zabura a inda aka yanke. Ni kuwa na zauna na natsu. Na cire inda ya ce wai ana cewa, na cire inda ya ce ƙarya ce da duk abin da ya biyo baya, na rufe gurbin yankan da hoton hannuwansa yadda aka koya mana. Sai na kunna. Ga Kawu da bakinsa, cikin natsuwa, yana cewa fadamar aro ce mahaifinsa ya karɓa. Malam ya dafa kafaɗata ya ce a cikinmu ni kaɗai aka haifa don wannan aiki, kuma akwai gurbi da yake tanadar mini a Kano. Ya juye nawa a kaset ya sa a jakarsa. Ina kallo. Abin da kawai na ji a lokacin daɗin yabo ne.

Bayan kamar mako biyu, wata safiya malam ya aiko in zo. Na tarar da bas ɗin nan an ɗora talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta, kuma a kujerar gaba Alhajin da kansa ne zaune, ranar na fara ganinsa kusa. Malam ya ce za mu kai wa mutanen ƙauye fim ɗinsu su gani. Ba a ɗauki ko ɗalibi ɗaya ba sai ni. Sai da muka yi nisa, inda babu gida gaba babu gida baya, ya matso kusa da ni ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce zaman sulhu za a yi a zauren dagaci a kan fadamar, attajirin da ake magana kuwa Alhaji ne da kansa. Ya ce za a tambaye ni, kuma ba ya so in yi ƙarya, in amsa abin da aka tambaye ni kawai. Sannan ya ce in tuna hannun wa ya yi yankan, kuma mutum bakwai sun ga lokacin da na yi, shi kuwa ko taɓa kwamfutar bai yi ba. Ya ce haɗa shaidar ƙarya gidan yari ne, zai yi baƙin ciki ƙwarai a ce yaro mai basira kamata ya ƙare a can. Duk wannan da murmushi ya faɗa. Alhaji bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Zauren ya cika da dattawa. Kawu da ya gan ni sai fuskarsa ta washe, ya ɗauka na zo tsaya masa ne. Ni na ja janareta, ni na haɗa wayoyi, ni na danna kaset. Ba zan iya kwatanta muku fuskar Kawu ba lokacin da ya ji muryarsa. Ya miƙe ya koma ya zauna, yana ta salati. Dagaci ya tambaye shi ko fuskarsa ce, ya ce tasa ce. Ko muryarsa ce, ya ce tasa ce, amma wallahi ba haka ya faɗa ba. Mutane suka fara gunaguni, domin a wancan lokacin a ƙauye babu wanda ya san ana iya yanka magana a ɗinke, abin da ido ya gani a akwatin talabijin shi ke nan. Sai Kawu ya nuna ni ya ce a tambayi ɗansa, shi ya ɗauka, ba zai yi masa ƙarya ba. Dagaci ya tambaye ni ko ni na ɗauka, na ce ni ne. Ya ce ko na ƙara wani abu a cikin maganar da dattijon bai faɗa ba. Na dubi ƙasa na ce ban ƙara komai ba. Haka ne, ban ƙara ba. Ba wanda ya tambaye ni ko na rage, ni kuma na ja bakina na yi shiru. A nan dattawa suka yanke cewa in an cire amfanin bana, fadama ta koma hannun Alhaji. Kawu ya miƙe. Ya fita ya bar takalmansa a ƙofar zaure, sai wani ne ya bi shi da su.

Kwana huɗu na yi ba na iya cin abinci. A na biyar na faɗa wa mahaifiyata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, mayafinta kawai ta ɗauka ta ce in wuce gaba. Muka fara zuwa ajin don in karɓo kaset na asali, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce tun shekaranjiya aka kwashe kaya. Muka wuce Gwaram. Na tsaya gaban dagaci da dattawan nan na faɗi abin da na yi dalla-dalla. Wasu sun yarda, wasu suka ce ɗan ƙanwa ne ya zo ceton kawunsa, ina shaida? Cikin 'yan ajinmu mutum ɗaya ne kawai ya yarda ya bi ni ya faɗi gaskiya, sauran iyayensu suka hana. Maganar ta tafi kotu, aka yi ta ɗagawa shekara da shekaru. A ƙarshe an dawo wa 'ya'yan Kawu da wani ɓangare na fadamar, amma shi bai gani ba, ya riga ya rasu.

Na je neman gafararsa tun yana raye. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce yankan da na yi a Birnin Kudu ya yafe tun ranar da ya ji, domin yarinta ce kuma yaudarata aka yi. Amma shirun da na yi a zaure, ina kallonsa yana rantsuwa ana yi masa kallon maƙaryaci a garin da ya tsufa, wannan ya ce in ba shi lokaci. Na yi ta zuwa ina gaishe shi, yana amsawa, yana sa a ba ni abinci. Bai taɓa sake tayar da maganar ba, ni kuma ban sami ƙarfin tambaya ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Ban rubuto wannan don in ce koyon fim laifi ba ne. Sana'a ce mai kyau, kuma na san masu koyar da ita da tsoron Allah. Amma ku matasa masu shiga irin waɗannan azuzuwa, yanzu da kowa ke da kyamara da abin tacewa a aljihunsa, ku tambayi wa ya ɗauki nauyin ajin, kuma me yake so. In aka ce ku kawo danginku a gwada, ku san inda hoton zai kwana. Kada ku juya maganar mutum mai rai ko da sunan wasa, domin ba ku san jakar da za ta shiga ba. In kuma har kun riga kun faɗa, kuka tsinci kanku a inda kalma ɗaya daga bakinku za ta wanke wanda aka zalunta, ku faɗe ta a nan take, ko me za ta jawo. Ni na jira kwana biyar kafin in faɗi tawa. Yau ina da furfura, ina da 'ya'yan da ke tambayata wane irin mutum ne kakansu na Fagam, kuma har yanzu ban sani ba ko lokacin da ya nema ya ishe shi.