Raken Kudan da Gwiwata

Jiya na je asibiti duba ƙanena, wanda ya karye daidai saman gwiwar ƙarfen da aka sa masa bara. Da likita ya ce sai an yi masa allurar barci kafin a taɓa ƙashin, sai dariya ta kufce mini, don na tuna wani tsoho mai ɗori na garinmu Makarfi. Shi tsokana ce allurarsa.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na faɗo daga keke da ɗaurin rake, na karye a saman gwiwa. Aka kai ni zaurensa ina tsoron gurguncewa, ga damina ta ƙarato. Zauren sai ƙamshin man shanu. Ya jera kararen ɗori a tabarma, yana shafa ƙafar a hankali.

"Ɗan nan," ya ce, "ashe raken garin Kudan ya fi namu zaƙi? Haka na ji a kasuwar Ikara."

"Haba Baba, wa ya faɗa maka? Wannan raken lami?"

Ina cikin kumfar baki ya fizgi ƙafar, na ji ƙas, ƙashi ya koma mazauninsa. Kafin in gama ihu har ya fara ɗaure karare.

"Namu ya fi," ya ce yana dariya. "In ka miƙe ka kawo mini rake kara biyu."

Da ƙafata na kai masa ɗauri guda. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya shayar da shi abin da ya fi raken Makarfi zaƙi.