Ku Ci, Na Ci a Gida

Daga Tasawa zuwa Mayahi, da wuya a sami wanda bai san maganar nan ba: "Ku ci, na ci a gida." Na gan ta a rubuce a bayan wata babbar mota ranar kasuwar Urafan, na kuma ji masu barkwanci a rediyo suna jifar mai girman kai da ita, wanda yunwa ke cinsa amma ya ƙi sa hannu a kwano. Da na gama jami'a na nemi asalinta a rubuce, ban samu ba. Shaidata guda ce, kakata Inna Hajo, wadda ta ji daga tata kakar. Shekarar ba zan rantse a kanta ba, ita dai cewa take, "Tun Nasara bai zo ba."

A ƙauyenmu na yankin Hawandawaki, da damina, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta don hayaƙi ya kori sauro, ta ajiye mana kwanon tuwo, mu jikoki biyar mu kewaye shi.

"Inna, a yi mana gizo."

"Kai angona, rufe baki ka buɗe kunne. Wanga ba ƙaryar gizo ba ce."

An yi wata shekarar yunwa, in ji ta, Maigari Tanko ya buɗe rumbunsa, kullum ana dama kunu a ƙofar gidansa. Duk wanda ya ce masa bisimilla, sai ya amsa, "Ku ci, na ci a gida." Sannu a hankali zargi ya tashi: mai ci a gida, ai yana da hatsin da ya ɓoye. Da aka yi girbi, dattawa suka yanke shawarar kai ƙararsa Tasawa a tuɓe shi, shi kuwa ya ƙi kare kansa.

Matar ɗansa, Tasalla, ta san gaskiya, domin ita ke wanke tukwanen gidan. Amma mace ba ta magana a taron dattawa, balle suruka da ko sunansa ba ta faɗa. Ƙofa ɗaya ta rage mata: wasan da mata kan yi bayan girbi, inda suke kwaikwayon manyan gari ba a kama su da laifi.

Ta naɗa rawani, ta ɗauko tafiyarsa da tarinsa. Aka miƙa mata ƙwarya, ta ɗaga hannu: "Ku ci, na ci a gida." Fili ya kece da dariya. Sai ta koma gefe, wai ta shiga gida. Ta buɗe tukunya, wayam. Ta buɗe ta biyu, wayam. Ta sha ruwa, ta ɗaure ciki tamau, ta kwanta.

A nan labarin Inna Hajo ya rabu biyu: wata rana ta ce da igiya aka ɗaure cikin, wata rana da rawanin. Na taɓa tuna mata.

"Can kake, malamin kirdado? Ɗaurewa dai an ɗaure. Dariya ta mutu, kuma ba wanda ya tahi Tasawa."

Na daɗe ina damuwa da igiyar da rawanin, ina ganin shaidar da ta sassaɓa ba ta isa a rubuta ba. Sai bara, bayan rasuwarta, na lura da abin da ya fi su. Ba ta taɓa ba mu wannan labari a lokacin girbi ba, sai tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kuma duk sanda muka ce, "Inna, sa hannu mana," takan kumbura murya irin ta Maigari Tanko, ta ɗaga hannu ta faɗi maganar, mu kwashe da dariya, mu suɗe kwanon.

Mu biyar ne, ba ɗayanmu da ya taɓa tashi ya buɗe tukunyarta.