Baba Habila, Mai Bisharar da Ya Iya Jira

Da hantsi za ka ga Baba Habila ya turo kekensa daga bayan unguwar Limawa, buta rataye a gaba, ya nufi ƙauyukan da ke hanyar Miga. Ya duba marar lafiya, ya zauna da tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, da yamma ya buɗe ajin manya a ƙaramar majami'armu. A nan da yawanmu muka koyi karatu da furfura a ka. Bana ya ajiye aikin bishara, gwiwa ta ƙi.

Ba mai yawan magana ba ne. Shi ya sa har yanzu ake tuna shekarar gardama.

Dattawan ikilisiya biyu ne suka ja daga. Dattijo Istifanus ya ce Allah ne ke zaɓa, shi ke ba mutum sabuwar haihuwa, sannan bangaskiya ta biyo baya. Dattijo Nuhu ya ce an kira kowa, wanda ya ƙi shi ya ƙi da kansa. Kowa da ayoyinsa. Baba Habila bai hana su ba, sai dai ba ya barin ɗaya ya amsa sai ya maimaita maganar ɗan'uwansa daidai, har mai ita ya ce, "E, haka nake nufi."

Amma gardamar ta kama wani. Malam Ishaku, manomi ne da ke shirin baftisma, sai ya daina zuwa. Ya ce in ba a zaɓe shi ba, wahalar me zai yi?

Baba ya same shi a gona yana binne, yana zuba gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Ya karɓi ƙwaryar iri, ya bi bayansa har suka kai ƙarshen kunya.

"Ƙanena, wa ya yi maka alkawarin ruwa?"

"Ba kowa, Baba."

"Amma ga ka kana binnewa."

"Ai wani lokacin irin ƙonewa yake yi a ƙasa," in ji Malam Ishaku.

Baba ya ce, "Yakan ƙone. Wannan ba ni da amsarsa, ba kuma zan ƙaga maka ba. Abin da na sani, an ce ka zo. Kuma wannan damuwar da ta hana ka sukuni, ba ni na sa maka ita ba."

Bai ƙara ba. Ya dai ci gaba da zuwa gonar da daminar nan, har aka yi maimai, wato noma na biyu.

Da kaka Malam Ishaku ya dawo, aka yi masa baftisma a tafkin bayan gari. Baba ya sa dattawan nan biyu su riƙe shi, kowa hannu ɗaya.

"Dama zaɓaɓɓe ne," in ji Dattijo Istifanus.

"Da ƙafarsa ya zo," in ji Dattijo Nuhu.

Malam Ishaku ya ce, "Ku dai riƙe ni da kyau, ban iya ruwa ba."

Baba Habila, kai ne ba ka kashe gardama ba, ba ka kuma bari ta kashe mutum ba. Mun gode, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Masu tasowa, ku yi muhawararku, ba laifi. Amma in kun waiwaya kun ga wani benci babu mai shi, ku ɗauki keke.