Mai Shayin da Sunansa Ya Tsere Masa

Tsaninsa hawa tara ne, shi yana kan na bakwai. Ina jiran kwafin iƙamata, takardar izinin zama, a wani lungun unguwar Ruwais a ƙasar Larabawa, don haka ina ƙirga komai. Dattijo ne siriri, tabarau a goshi, yana shafe sunansa daga allon shagon shayinsa. Haruffan Larabci huɗu ne: Rafi'u. Sau uku ke nan yana shafa fenti, har yanzu suna leƙowa.

Mai injin kwafi ne ke ba ni labari. A shagon nan tsofaffin mazauna unguwar Karantina suka zaɓi shugaban ƙungiyarsu. Mutum arba'in suka zo, ƙuri'a hamsin da bakwai ta fito. Shi dattijon shayi kawai ya zuba, amma tun ranar duk wani maguɗi sunansa "rafi'anci". Haka Turawa suka yi wa ginin Watergate: 'yan siyasa suka tafka abin kunya a ciki, har yau wutsiyar sunansa ake liƙa wa kowace badaƙala.

Ina zaton jikokin dattijon ake tsokana a makaranta, shi ya sa yake shafe sunan.

Wani direba ya rage gudu ya leƙo. "Ya ammi, baffana, canja suna a ɓoye? Wannan ma ai rafi'anci ne!"

Dattijon ya dubi burushi, ya dubi allo. "Halas, ya isa haka," in ji shi. "Ubana ya raɗa mini, ba ku ba."

Ya zaro tsumma ya fara goge ɗanyen fentin. Harafi ɗaya ya dawo, biyu, uku, huɗu.