Fiton Koriyar Mota

Yaushe rabonka da ka iso ƙofar gida, ka ja birkin hannu, ka bar injin yana aiki, ka zauna kawai kana saurare? Yawancinmu kafin taya ta gama tsayawa mun murɗe makulli, ƙafa ɗaya tana waje. Akwai wani bakanike da ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana yi wa mutane faɗa a kan wannan ɗabi'a, har wasu suka ɗauka rigimar tsufa ce. Mai-Kunne ake ce masa. Ko matarsa, in ranta ya ɓaci, da wannan sunan take kiransa.

Sunan bai faɗo daga sama ba. Yana da wata doguwar sukundireba mai jan mariƙi. In an kawo mota, sai ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Kafin mai motar ya gama koro bayani ya riga ya ce, "Fulogi na uku ne," ko "Boris ɗin famfon ruwa ya gaji." A kwance a duba, a tarar haka ɗin ne.

Da farko ba makanikanci aka sa shi ba. Tela ne a shagon kawunsa, yana saurayi. Wata rana yana kan keke sai wata koriyar mota mai kujera biyu, mai dogon hanci, ta shigo layin. Da direban ya taka totur, sai wani siririn fito ya taso daga cikinta, yana hawa yana hawa, har ta sha kwana ta ɓace. Saurayin ya bar allura a cikin yadi ya fito bakin titi yana tambaya. Aka ce masa turbo ke nan: ƙarfe ne kamar dodon koɗi biyu manne da juna, hayaƙin da injin ke fitarwa yana juya ƙaramar fanka a gefe guda, ita kuma tana juya 'yar uwarta a ɗaya gefen, tana cusa wa injin iska, ƙarfinsa ya ƙaru. Bai ƙara zama a kan keken ɗinki ba. Kawunsa ya yi fushi har ya gaji.

Sai da ya yi aure ya haifi uku sannan ya sake ganin koriyar motar, a filin 'yan gwangwan, an riga an cire mata ƙofa ɗaya, kaji na kwana a kujerar direba. Ya sa aka jawo ta da igiya zuwa garejinsa. Shi ya rantse ita ce wadda ya gani. Dogo mai walda, abokinsa da suke raba rumfa ɗaya, ya ce, "Ƙanwarta ce, kai dai ka ga kore ka rikice." Sun yi wannan musu fiye da yadda suka yi gaisuwa.

Ya lulluɓe ta da tampol a ƙuryar gareji. 'Ya'ya suka zama biyar. Ga makaranta, ga asibiti, ga aurarraki, motar ta koma aikin in an samu sarari. Bana birki, baɗi lagireto, wata shekarar ƙofa. Turbon kuwa ya kwance shi ya sa a akwatin katako, don ya riga ya ƙame, ko da yatsa ba ya juyawa. Shi ya bari sai ƙarshe, kamar mai ajiye tsokar nama a gefen kwano. In Dogo ya tsokane shi sai ya ce, "Gaggawar me? Fito ba ya tsufa."

Butar shayi ce ta tona asiri. Akwai wata buta a gidan mai yin fito in ruwa ya tafasa. Wata safiya Inna, matarsa, ta fito daga ɗaki da gudu ta tarar butar na ihu, tururi ya cika kicin, shi kuma yana zaune kusa da ita yana ɗaure takalmi.

"Mai-Kunne! Ba ka ji ba ne?"

"Me?"

Ta dube shi, ta sauke butar, ta koma ɗaki. Wannan kallon ya fi masa faɗa ciwo.

Likitan kunne bai ɓoye masa ba. Ya ce hayaniyar gareji ce ta cinye jin a hankali, kuma siraran sautuka ne ke fara tafiya: kukan tsuntsu, muryar ƙananan jikoki, fiton buta. Abin da ya tafi ba ya dawowa, saura kuma yana bin sahu. Ya ba shi 'yar na'urar saƙalawa a kunne. Ta taimaka masa da hira, amma ba ta dawo da butar ba.

A hanyar gida abu ɗaya ne a ransa. Ba sana'a ba, ba suna ba. Fiton nan da ya raba shi da allura, wanda ya ji sau ɗaya tak daga cikin wannan motar, siriri ne shi ma. In bai tayar da ita yanzu ba, za ta yi fitonta ga kowa ban da shi.

Washegari ya sauko da akwatin. Noti takwas ke riƙe da gidan turbon, uku suka karye a hannunsa duk da kalanzir ɗin da ya jiƙa su da shi. Da ya buɗe ciki sai ya tsaya yana girgiza kai. Baƙin mai ya ƙone ya zama gawayi a jikin sandar da fankokin ke juyawa a kai. Ya kira Dogo ya nuna masa.

"Ka gani? Mai ita na da ne. Ya sheƙo da gudu, abu ya yi ja kamar garwashi, ya kashe injin nan take ya fita. Mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a ciki ya soye. Minti biyu kacal ya gagare shi."

"To kurma, ka gaya wa mamaci," in ji Dogo.

"Me ka ce?"

"Na ce Allah ya ba da sa'a!"

"Ƙarya kake, makaho. Bakinka na gani."

Dogo walda ta ci masa ido, shi kuma injin ya ci masa kunne, don haka babu mai yi wa wani gori ya kwana lafiya.

Fankar gefen iska tana da fukafukai goma sha biyu, biyu sun gutsure. Ya zagaye shagunan 'yan kayan gyara har ƙafarsa ta kumbura kafin ya samu irinta. Ya sa sabuwar sanda da sababbin boris, ya kai wa mai injin awo ya daidaita nauyin, don abin da ke juyawa da irin wannan gudu, ko ƙwayar yashi ta fi nauyi a gefe ɗaya sai ta farfasa shi. Tsohon bututun mai ya toshe, ya yar da shi ya lanƙwasa sabo. Mutumin da aka sani da sanyin hannu ya koma ba ya cin abincin rana. Kowace safiya kuma, kafin ya fita, sai ya ɗora butar nan a wuta ya tsaya a kanta, ko Allah zai sa. Inna tana kallonsa ta bakin ƙofa.

Ranar da ya ɗaure noti na ƙarshe, Auta ta zo. Ita ce ƙaramar 'yarsa, matar aure mai 'ya'ya biyu, kuma sana'arta koyar da tuƙi. Ita ya zaɓa ta ja motar, don yana son hankalinsa duka ya tafi ga kunne. Ta same shi ya zura hannu ta taga zai tayar da injin. Ta riga shi zare makullin.

"Baba, ka shayar da shi?"

Ya zaro hannunsa daga taga. Sabon turbo ba a tayar da shi a bushe. Sai an ɗura masa mai ta sama, an juya fankar da yatsa, an cire wayar wuta an yi ta murza injin ba tare da ya tashi ba, har mai ya fito ta bututun ƙasa. Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya sha wannan karatu.

"Ba ni makullin nan, Auta. Rana na yi."

"Wallahi ba zan bayar ba. Kai ka koya mini. Ko so kake mu ƙona shi kamar mamacin da kake zagi?"

Dogo ya tuntsire da dariya. "Ta kama ka, tsoho. Ɗan kuka ya jawo wa uwarsa jifa, yau 'ya ta jawo wa uba kunya."

Mai-Kunne ya bar mata makullin. Ya ɗauko gorar mai. Suka yi komai a kan ƙa'ida, shi yana kwance a ƙasa yana jiran ɗigon farko, ita tana murza makulli. Da mai ya zubo masa a yatsu ya ce, "Yanzu."

Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Wannan kam ya ji shi, gurnani mai kauri da ke ratsa ƙirji. Suka bar shi ya ɗumama, sannan Auta ta fitar da motar daga layin, suka hau doguwar hanyar da ta bi bayan masana'antu. Giya ta biyu, ta uku. Ya ɗaga mata yatsa. Ta taka.

Kujera ta tunkuɗo bayansa. Allurar da ke nuna ƙarfin iska ta miƙe. Ya karkata kai, ya riƙe numfashi, ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Gurnani, iska ta taga, bugun zuciyarsa. Babu komai a samansu.

"Ƙara," ya ce.

Ta rage, ta sake takawa. Ya cire na'urar kunnen, ya mayar, ya sake cirewa. Da ya buɗe ido sai ya ga fuskar Auta: bakinta a buɗe, idonta ya kawo ruwa. A gaba akwai rumfar jiran bas. Ya ga kawunan mutanen da ke tsaye suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, bakwai ya ƙirga, har da wata mata da ta sauke wayarta daga kunne. Haka shi ma ya juyo, ranar da ya bar allura a cikin yadi.

"Baba, ka ji?"

Da ya ce e, da ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Amma bai taɓa yi wa mota ƙarya ba.

"Ban ji ba, 'yata. Na makara."

Ta ɗaga ƙafa za ta tsaya. Ya ce, "A'a, aiki bai ƙare ba. Ke za ki gaya mini. Yana hawa sumul, ko yana kakkaryewa?"

Ta share ido da bayan hannu, ta sake takawa, ta kasa kunne. "Sumul."

"Akwai kaushi a ƙarƙashinsa, kamar ana wasa wuƙa?"

"Babu."

"In kin saki totur fa?"

"Sai ya yi kamar ajiyar zuciya."

Ya jingina da kujera. "To ya yi. Hannuna bai ci amanata ba. Juya mu koma."

A bakin gareji Dogo na tsaye, ya ɗaga gilashin waldarsa sama. Tun daga kwana ya jiyo su. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi abokinsa, ya fasa. Auta ta ja birkin hannu, ta ɗora hannayenta biyu a cinya. Ba ta taɓa makullin ba. Suka zauna, injin na gurnani a hankali, mai na zagayawa yana kwashe zafi. Can Mai-Kunne ya laluba aljihun ƙofa, ya ciro sukundireban nan mai jan mariƙi, ya ɗora mata a kan gwiwa.

"Asabar-Asabar za ki riƙa zuwa. Ni hannu, ke kunne."

"Ni kuma fa?" in ji Dogo ta taga.

"Kai baki."

Har yanzu Mai-Kunne yana gareji. Gurnanin ma ya fara yi masa nisa. Amma in Auta ta ɗauke shi suka zaga da koriyar motar, yana zaune yana ƙirga kawunan da ke juyowa, kuma in sun dawo ba mai motsi sai minti biyun nan sun cika.

Don Allah ka gwada yau, ko motarka tana da turbo ko ba ta da shi. In ka iso gida, kada ka yi saurin murɗe makulli. Kashe rediyo, ajiye waya, ka ba ta minti biyu. Ka ƙirga sautuka nawa kake iya rarrabewa, tun daga mai kauri har zuwa mafi siriri, tun kunnen naka yana kawo maka su.